Torcuil Gunn, Masaƙin Halasta, da Ƙoƙon da Bai Kurɓa Ba

Haihuwa da Asali

An haifi Torcuil Gunn a watan Maris na shekarar 1936, a ƙauyen Halasta da ke gaɓar yammacin tsibirin Lewis, a arewacin Scotland. Mahaifinsa, Alasdair Gunn, masunci ne mai 'yar gona da tumaki kaɗan, mahaifiyarsa kuwa Raonaid 'yar gidan Macaulay ce daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da Halasta. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji. Ya sami tarbiyya a gidan da ake buɗe kowace safiya da rera Zabura, a kuma rufe yini da ita, inda ba a shanya ba a aski ranar Lahadi, balle a tura jirgi cikin ruwa. Waɗanda suka san shi da ƙuruciya sun shaida cewa yaro ne mai yawan dariya, halin da a ƙauyenmu ba a lissafa shi cikin kyawawan ɗabi'u. Haƙuri kawai ake yi da shi, kamar yadda ake haƙuri da mai tari a cikin coci.

Karatu da Aikin Jirgi

Ya shiga makarantar ƙauye a shekarar 1941, inda aka koyar da shi da Turanci alhali a gida harshen Gelik kaɗai ake yi, ya kuma bar ta a 1951 ba tare da ya yi fice ko ya zama abin kunya ba. Bayan shekara biyu yana taya mahaifinsa kamun kifi, sai ya bi sahun samarin tsibirin ya kama aiki a manyan jiragen dakon kaya, ya shafe shekara goma sha uku yana kewaya tekunan duniya. A can ya koyi ɗaurin igiya da gyaran inji, a can kuma ya koyi shan barasa. Ya fara ta ne don kada abokan aiki su ce da shi ɗan ƙauye, daga baya ya ci gaba da ita ko da babu mai kallonsa.

Aure da Sana'ar Saƙa

A watan Disamba na 1962 ya auri Marsaili Campbell, mai dafa wa 'yan makarantar Halasta abinci, mace mai kaifin harshe da sanyin zuciya. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: Dolina a 1963, Finlay a 1965, sai Raonaid, takwarar kakarta, a 1969. A shekarar 1966 Marsaili ta matsa masa ya baro teku, bisa zaton cewa tekun ne ke shayar da shi. Ya dawo gida ya kafa masaƙar ƙarfe a rumfar da ke bayan gidansa, yana karɓar zaren ulu daga wata masana'anta a birnin Stornoway yana mayar mata da yadi. Hannunsa yana da kyau ƙwarai, har aka riƙa cewa ba a samun tsallake a saƙarsa. Sai dai zaton Marsaili bai tabbata ba, domin a bayan ƙauye akwai wata bukka marar taga inda maza ke haɗuwa su sha a ɓoye, kuma Torcuil bai yi wata guda da dawowa ba ya sami kujerarsa a cikinta.

Rasuwar Mahaifinsa da Tubansa

Mahaifinsa ya rasu a watan Fabrairu na 1974. A al'adarmu mazan gari kan jeru layi biyu su riƙa karɓa-karɓar akwatin gawa har maƙabarta, a bakin kabari kuma babban ɗa shi ke riƙe igiyar wajen kai idan za a saukar da mamaci. Torcuil ya ɗan kurɓa da safe wai don ya iya daurewa, kurɓin kuwa ya zarce. Da aka miƙa masa igiyar sai ya yi tangaɗi har ƙafarsa ta zubo da yashi a kan akwatin. Wani kawunsa ya matso a hankali, ya zare igiyar daga hannunsa ya bai wa mijin ƙanwarsa. Babu wanda ya ce uffan, a wurin ko bayan an watse. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi.

Tun daga ranar bai sake taka bukkar ba. Ya yi watanni yana fama da rawar jiki da rashin barci, Marsaili tana ɗawainiya da shi da shayi da romon nama. A farkon 1975 ya sa baƙar kwat ɗinsa ya tafi taron addu'a na ranar Alhamis. Zuwa coci ranar Lahadi ba ya nuna komai a wurinmu, don kowa yana zuwa, har da wanda ya kwana a kwata. Amma duk wanda ya taka taron Alhamis ya shelanta wa gari ke nan cewa ya bi Almasihu, kuma daga nan idon kowa yana kansa.

Zamansa na Farko a Teburin Ubangiji

Sau biyu a shekara ake yin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da kurɓar ruwan inabi don tunawa da Almasihu, a Halasta, a watan Maris da na Satumba. Ana shimfiɗa fararen ƙyallaye a kan bencunan gaba, su ne teburin. Wanda yake so ya zauna sai ya fara bayyana gaban dattawan ikkilisiya su tambaye shi labarin tubansa, idan sun gamsu su ba shi ɗan guntun dalma mai hatimi, wanda zai miƙa kafin ya wuce. Kafin a fara, fasto kan yi gargaɗi mai tsanani cewa wanda ya ci ya sha alhali bai cancanta ba, hukunci ya jawo wa kansa. Saboda haka masu ibada da yawa kan zauna a baya har tsufansu, suna jin tsoron kusantar teburin, kuma mu muna girmama irin waɗannan mutane fiye da waɗanda suka zauna. Ƙoƙo ɗaya ne na azurfa, dattijo ya miƙa wa na bakin benci, shi kuma ya kurɓa ya miƙa wa na kusa da shi. Abin da ke ciki jan ruwan inabi ne mai zaƙi da ƙarfi.

A watan Satumba na 1977, bayan shekara uku da rabi bai ɗanɗana barasa ba, Torcuil ya karɓi dalmarsa ya zauna kusa da matarsa, wadda ta riga shi zama da shekara goma. Ya ci gurasar, ya kurɓi ƙoƙon sau ɗaya kamar kowa. Ranar Talata aka gan shi a wata mashaya a Stornoway.

Wannan faɗuwa ta fi duk na baya muni, ta kuma ɗauki shekara biyu. Masana'anta ta daina aiko masa da zare, masaƙarsa ta yi tsatsa, aka sayar da tumakin da ya gada. Dattawa suka dakatar da shi daga teburin bisa jagorancin Hector Graham, wanda ajinsu ɗaya a makaranta, mutum mai gaskiya wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa a cikin harabar coci ba. Babbar 'yarsa Dolina, tana da shekara goma sha shida, ta tattara kayanta ta koma wurin gwaggonta a Glasgow, ta ce ba za ta ƙara zama gida ɗaya da shi ba. A watan Nuwamba na 1979 mai rabon wasiƙu ya tsince shi da hantsi kwance a cikin magudanar ruwa a gefen titi, sanyi ya kusa kashe shi. Ya yi jinya a asibiti, inda likita ya gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa jikinsa ba ya bambanta kurɓi da kwalba, kuma hantarsa ba za ta jure wata faɗuwar ba.

Shekarun Zama a Baya

Daga fitowarsa asibiti har ya koma ga Ubangijinsa bai sake shan barasa ba. Ya kankare tsatsar masaƙarsa ya ci gaba da sana'a, yana shiga motar haya kowane mako zuwa birni inda tsofaffin mashaya ke haɗuwa su ƙarfafa wa juna gwiwa, bai kuma taɓa fashin taron Alhamis ba. A 1983 dattawa suka ɗage masa dakatarwa, suka aika masa cewa ƙofa a buɗe take. Ya yi godiya, amma bai je karɓar dalma ba, a wannan shekarar ko a masu bi mata.

Dalilinsa biyu ne, kuma Marsaili kaɗai ta san su. Na farko tsoro ne, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na biyu ya fi nauyi: ya ƙudurta a ransa cewa tun da ƙoƙon Ubangiji ne da kansa ya kayar da shi, to hukuncin nan da fasto ke gargaɗi a kai shi ne ya faɗa masa, wato Almasihu ya duba shi ya ce ba ya so. Yana ganin faɗin haka a fili saɓo ne, don haka ya yi shiru. Duk lokacin Jibi yakan raka matarsa har bakin fararen ƙyallaye, ya koma benci na baya ya sunkuyar da kai. Abin tausayi ne, mutum ya bar giya shekara ashirin don Allah, yana kuma zaton Allahn ba ya ƙaunar ganinsa.

Mu kuwa mutanen gari muka yi masa fassarar da ta yi mana daɗi. Muka ga fuska a murtuke da kai a sunkuye, muka ce ai tawali'u ne ya kai maƙura. Hector Graham har misali yake bugawa da shi idan matasa sun zo neman dalma da gaggawa, yana cewa su dubi ɗan Alasdair su koyi tsoron Allah. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to mun tambaya, mun kuma ji abin da muke son ji. Cikin shekara goma sha takwas babu wanda ya taɓa zama a rumfarsa ya tambaye shi abin da ya hana shi matsowa.

Jinyar Marsaili

A farkon shekarar 2001 aka gano Marsaili tana da ciwon daji, kuma zuwa watan Agusta likitoci suka sallamo ta gida, suka ce abin da ya rage shi ne a kula da jin daɗinta. Kowa ya san Jibin Satumba shi ne na ƙarshe a gare ta. Wata rana da yamma yana yanka mata burodi, sai ta ce masa, “Torcuil, na gaji da waiwayen ka a cikin coci, wuyana ya ƙage. Bana kusa da ni za ka zauna.”

Ya ce, “Kin san abin da ya faru da na zauna.”

Ta ce, “Na sani mana, ba ni na kwashe aman ba? Giya ce ta kayar da kai, kamar yadda ta saba. Kai kuma ka ɗauki laifin kwalba ka jinginar wa Yesu. Je ka gaya wa tsofaffin nan gaskiya. In sun kore ka, ni da su ne.”

Ya yi mako biyu yana juya maganar, sannan ya bayyana gaban dattawa ranar Asabar ɗin Jibi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya faɗi komai: cewa ba tawali'u ba ne, tsoro ne, kuma kurɓin 1977 shi ya jefa shi cikin kwata. Hector Graham, wanda ya ga misalinsa na shekara da shekaru ya rushe a gabansa, ya ce cikin fushi, “Ruwan inabin nan ba za a sauya shi ba. Da shi kakanninmu suka yi, da shi za mu yi.”

Torcuil ya ce, “Ban ce a sauya ba, Hector. Tambaya nake. In na karɓi ƙoƙon na riƙe, na miƙa gaba ban kurɓa ba, za ku tashe ni?”

An daɗe ana muhawara, wasu suna cewa rabin Jibi ba Jibi ba ne. Daga ƙarshe Hector ya ɗauko dalma ya ajiye a gabansa da ƙarfi, ya ce, “Miƙa ƙoƙo aka sa mu. Ba a sa mu leƙa bakin kowa ba. Ɗauki ka tafi, ɗan Alasdair.”

Zamansa na Biyu

Washegari aka kawo Marsaili a kujerar guragu aka ajiye ta a ƙarshen bencin gaba, Torcuil ya zauna a gefenta. Ya ci gurasar. Da ƙoƙon ya iso gare shi ya karɓa da hannu biyu, ƙamshin ya buge shi, ƙoƙon ya karkace har jan ruwan ya fantsama a kan farin ƙyalle, inda kowa zai gani. Ya riƙe shi na ɗan lokaci, idonsa a rufe, sannan ya kai shi bakin matarsa, don ita ba ta da ƙarfin ɗagawa. Ya faɗa daga baya cewa ya zauna yana jiran ya ji an kore shi, sai bai ji komai ba face natsuwa, kamar yaron da ya daɗe a waje cikin ruwan sama aka ce ya shigo. A nan ya gane cewa Mai teburin bai taɓa tashinsa ba, shi ne ya tashi da ƙafarsa.

Ya fito daga coci yana turo kujerar matarsa yana dariya a fili, hawaye suna zuba, a ranar da ta fi kowace rana nauyi a shekara. Mu da muka ga baƙin cikinsa muka kira shi tsarki, da muka ga murnarsa sai muka ce ya koma. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa lalle ya kurɓa a ɓoye. Ranar Litinin Hector ya tare shi a ƙofar coci ya ce, “Kai ɗan Alasdair, matso nan. Hura mini.”

Torcuil ya ce, “Kifi mai gishiri na ci da albasa. In kana da ƙarfin hali, ga bakin.” Ya hura masa, Hector ya ja da baya yana yatsina fuska, ya tambaye shi to me ya same shi yake ta washe baki kamar ango. Torcuil ya ce, “An karɓe ni, Hector. Kai da aka karɓa tun tuni, ban san abin da ya hana ka dariya ba.”

Marsaili ta rasu a watan Janairu na 2002. Ya yi kukanta sosai, bai kuma ɓoye ba, amma murnar ba ta bar shi ba, kuma bai nemi kwalba ba.

Shekarunsa na Ƙarshe

A Jibin Maris na 2002 mutum uku da aka daɗe ana yabon tawali'unsu suka je neman dalma. Biyu maza ne da aka san tarihinsu da barasa. Ta ukun ita ce Ishbel, matar Hector Graham, wadda ta yi shekara talatin tana zama a baya. Ta zauna a bakin bencin da Torcuil yake, ta karɓi ƙoƙon daga hannun mijinta, ta miƙa gaba ba ta kurɓa ba. Ashe ta yi fama da barasa a farkon aurensu, mijin ya rufa mata asiri har ta rabu da ita, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da ya hana ta teburin ke nan ba. Bayan kwana biyu Hector ya zo rumfar saƙa, ya zauna kan buhun ulu har shayinsa ya huce, da ya tashi tafiya ya shafa yadin da ke kan masaƙa ya ce ya yi kyau. Daga nan ya zama mai zuwa kowane mako.

Torcuil ya ajiye saƙa a 2006 saboda ciwon gwiwa, amma bai rufe rumfar ba. Ta zama wurin da masu fama da barasa ke zuwa, daga baya har da samarin da ƙwayoyi suka kama, su sha shayi, a yi addu'a, a yi raha. Ba duka suka tsira ba, ya raka gawar wasu, kuma bai taɓa yi wa kowa alkawarin sauƙi ba. Idan sabon zuwa ya tambaye shi bambancin daɗin da ya bari da wanda ya samu, yakan ce, “Murnar kwalba tare da kwalbar take ƙarewa. Wannan kuwa na binne matata da ita, ga ta nan har yanzu.” Dolina, wadda ta zo jana'izar mahaifiyarta ba ta kwana a gidan ba, ta fara kawo masa jikoki hutu a 2004, kuma ita ce ta yi jinyarsa ta ƙarshe. Bai taɓa zama dattijon ikkilisiya ba, domin an yi ta kai sunansa ana cewa dariyarsa ta yi yawa.

Rasuwa da Jana'iza

Torcuil Gunn ya rasu a gidansa da ke Halasta a watan Oktoba na shekarar 2015, yana da shekara saba'in da tara, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. An yi masa addu'a a cocin ƙauye, aka binne shi kusa da matarsa a maƙabartar yashi da ke bakin teku. Ya bar 'ya'ya uku: Dolina, ma'aikaciyar jinya a Glasgow, Finlay, injiniyan jirgin fito a Stornoway, da Raonaid, malamar makaranta a Halasta. Ya bar jikoki takwas da ƙannensa mata biyu.

Ba a sauya ruwan inabin ba har ya bar duniya. A Jibin Maris da ya biyo bayan rasuwarsa, bencin da ya saba zama ya cika da mutum goma sha ɗaya, tsofaffi da samari, maza da mata. Dattijon da ke hidima ya miƙa ƙoƙon ga na farko, ya zaga ya karɓe shi daga hannun na ƙarshe, ya ɗauko tulu don ya ƙara kamar yadda ake yi bayan kowane benci. Da ya leƙa sai ya mayar da tulun ya ajiye, domin ƙoƙon a cike yake.